Zarnin Fitsarin Kyanwa a Gida: Sinadaransa da Ma'aunin Zaɓen Abin Wanke Shi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar abin da bincike ya tabbatar game da sinadaran fitsarin kyanwa, sannan ta auna kayan wankin da aka saba da su a gidaje. Matsayarta ita ce, abin wanki nagari shi ne wanda ke rusa sinadarin da ke wari, bai ɓata shimfiɗa ba, bai kuma cutar da kyanwar ba. Yawancin abin da ake fara ɗauka idan ɗaki ya yi zarni, don ƙarfin ƙamshinsa aka zaɓe shi, kuma ya kasa cika ɗaya ko biyu daga cikin sharuɗɗan nan.

1.0 Gabatarwa

Binciken ƙwayar halitta da Driscoll da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya nuna cewa kyanwar gida ta samo asali daga kyanwar daji, Felis lybica, ta yankin Gabas ta Tsakiya. Dabbar busasshiyar ƙasa ce, don haka ta gadar wa zuriyarta ƙoda mai tsimin ruwa. Ma'aunin kaurin fitsarin lafiyayyar kyanwa yakan kai 1.035 ko fiye, alhali na ɗan Adam da wuya ya haura 1.030. Fitsarin kaɗan ne, amma a cike yake. Duk wanda ya ajiye kyanwa don ɓera, a ɗaki ko a shago ko kusa da rumbu, ya san yadda wurin da ta yi fitsari sau ɗaya ke komawa yin zarni bayan an wanke an manta. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: mene ne yake saura bayan wankin, kuma me ke iya kawar da shi?

2.0 Tushen Zarnin

Hanyoyi biyu ne wari ke bi. Ta farko ta yuriya ce, wadda kusan ba ta da wari idan tana sabuwa. Bakteriya ne ke sarrafa ta da wani enzayim mai suna yuriyes, su mayar da ita amoniya, iskar nan mai sukar hanci da sa ido ƙwalla. Wannan bai keɓanta da kyanwa ba.

Hanya ta biyu ita ce ta sa fitsarin kyanwa ya fita daban. A 1953 Westall ya gano a cikinsa wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, aka sa masa suna felinin. Bayan shekara 50, a 2003, Miyazaki da abokan aikinsa a Japan suka bayyana wani furotin, koksin, wanda ƙodar kyanwa ke zubarwa da yawa, kuma a 2006 suka nuna cewa shi ne ke samar da felinin ɗin. Shi kansa felinin ba mai wari ba ne sosai. Sannu a hankali yake rushewa ya saki wani sinadari daga dangin tayol da ake taƙaita sunansa da MMB, wanda hanci ke kamawa ko da ɗan mitsitsi ne. Saboda haka tabon da ya bushe taska ce da ke ci gaba da fitar da wari na tsawon lokaci. Awon da Hendriks da abokan aikinsa suka yi a Niyu Zilan a 1995 ya nuna muzurun da ba a dandaƙe ba yana fitar da felinin kusan ninki uku na wanda aka dandaƙe ko na macen kyanwa.

A nan akwai abin gyarawa. Tallan kayan wanki da dama na jingina laifin zarnin ga ƙwayoyin asid ɗin yurik da suka maƙale a shimfiɗa. Amma hantar kyanwa, saɓanin ta mutum, tana mayar da mafi yawan wannan asid ɗin zuwa alantoyin, wanda ya fi narkewa a ruwa. Wanda ya kafa zaɓinsa a kan bayanin tallan kaɗai ya bar tayol, wanda shi ne babban abin damuwa.

3.0 Auna Kayan Wanki

Turaren wuta da feshin ɗaki ba sa taɓa sinadarin, danne shi kawai suke yi a hancin mutum. Kyanwar kuwa tana jin sa, kuma shi ke jawo ta ta sake. Duk abin wankin da ke da amoniya ma haka yake, domin ƙara wa wurin alamar fitsari yake yi, shi ya sa jagorar da ƙungiyoyin likitocin kyanwa biyu, AAFP da ISFM, suka fitar a 2014 ta yi hani da shi. Ruwan toka da kanwa su ma suna ƙara sakin amoniyar ne.

Mafi nauyin magana tana kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu fenol, waɗanda ke sa ruwa ya yi fari idan an zuba su. Izal daga wannan dangin yake, ruwan Dettol na asali kuma yana ɗauke da kuloroksilenol. Suna da amfani a muhallinsu, amma Court da Greenblatt sun nuna a 2000 cewa ƙwayar halittar da ke ba hanta damar fitar da irin wannan sinadari, wato UGT1A6, ba ta aiki a jikin kyanwa. Kyanwa tana taka jiƙaƙƙen daɓe, ta koma gefe ta lashe ƙafarta, gubar ta taru mata a jiki. A ganina wannan dalili shi kaɗai ya isa a cire su daga lissafi a duk ɗakin da kyanwa ke shiga.

Bilic, irin su Hypo da Jik, yana iya rusa tayol, sai dai idan ya haɗu da amoniyar fitsari yana haifar da iskar kuloramin mai illa ga huhu, idan kuma ya haɗu da ruwan khal sai ya saki kulorin. Ba shi da wuri sai a kan tayil, bayan an kwashe fitsarin an ɗauraye, an sirka shi da ruwa, an buɗe taga. Ruwan khal shi kaɗai yana kashe kaifin amoniya, amma bai iya komai da tayol ba, yana kuma cin siminti da marmara.

Saura biyu, kuma su ne suka fi cika sharuɗɗan. Na farko haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, wanda ake sayarwa a kemis don wanke rauni. Yana sauya tayol zuwa sinadarin da ba ya wari. A kan wannan hujja ce Paul Krebaum ya fitar da haɗinsa a 1993 don warin sikank, dabbar Amurka mai halin bodari: kusan lita 1 ta haidurojin, kwatan kofi na bekin soda, da ƙaramin cokali na sabulun ruwa. Ana haɗawa ne a yi amfani nan take, domin idan aka toshe shi a kwalba zai fashe. Aibinsa shi ne yana iya koɗar da launi, don haka a fara gwadawa a lungun da ba a gani.

Na biyu shi ne mai enzayim, wanda ke narkar da furotin da sauran abin da bakteriya ke ci. Inda babu na musamman, shawarar da likitocin dabbobi a Ingila suka daɗe suna bayarwa ita ce a jiƙa garin wanki mai enzayim, kashi 1 cikin 10 na ruwan ɗumi, a wanke, a ɗauraye, idan ya bushe a fesa sifirit. Enzayim ba ya son gaggawa, ba ya jure tafasasshen ruwa, kuma bilic ko haidurojin na kashe shi idan aka haɗa su lokaci guda. Yana kuma lalata ulu da siliki, tunda su ma furotin ne.

4.0 Shimfiɗa, Yanayi da Tsarki

Sau da yawa abin wankin ba shi da laifi, isa ne bai yi inda fitsarin ya isa ba. A katifar soso da kafet mai kauri, fitsarin yana nutsewa ya bazu ta ƙasa fiye da girman tabon da ido ke gani. Dole a fara danna tsumma a tsotse, ba a cuɗa ba, sannan a jiƙa wurin har ƙasa. Daɓen siminti mara fenti yana shan fitsari, kuma ledar ɗaki takan ɓoye wanda ya kwarara ta gefenta. Tsohon tabo yakan haska idan aka dalla masa tocilar ultrabayolet cikin duhu.

Yanayi ma yana da ta cewa. Enzayim yana aiki ne muddin wurin na da danshi, kuma a lokacin hunturu iska tana busar da shi kafin ya yi komai, sai an rufe da leda na wasu sa'o'i. Da damina kuwa, gishirin da ya saura a tabon yana jan laima, warin da aka zaci ya tafi ya dawo.

Ga sallaya da dardumar masallaci akwai ƙarin sharaɗi. A mazhabar Malikiyya sauran ruwan da kyanwa ta sha mai tsarki ne, amma fitsarinta najasa ne, kuma najasa ba ta gushewa a hukunce sai da ruwa tsantsa wanda ba abin da ya jirkita shi. Ko wane sinadari aka zaɓa, ɗauraya ta ƙarshe da ruwa zalla ce, wadda kuma ita ce ke kwashe ragowar sinadarin daga inda kyanwa za ta taka.

Idan tabon ya ci gaba da maimaituwa, sai a duba ita dabbar. Hart da Barrett sun ruwaito a 1973 cewa dandaƙa tana tsayar da fesa fitsari, ko ta rage shi ƙwarai, a kusan tara cikin goma na muzurai. Kyanwar da ta saba da wurin bayan gidanta sannan ta bar shi farat ɗaya, wataƙila ciwon mafitsara ko na ƙoda ke damun ta. Muzurun da ke ta tsuguno yana nishi fitsari bai fita ba, mai yiwuwa hanyar ce ta toshe, kuma yana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku idan ba a kai shi wurin likitan dabbobi ba.