Haƙƙin Matashiyar da Mijinta Ma'aikaci Ya Rasu

A Bomo da Samaru, inda gidaje da dama suka dogara da albashin Jami'ar Ahmadu Bello, rasuwar maigida kan tayar da tambaya: shin ƙuruciyar matarsa na hana ta fanshonsa? Dokar Fansho ta 2014 ba ta gindaya sharaɗin shekaru ba. Kamfanin fansho na sakin ajiyar mamacin bayan an gabatar da takardar kula da gado daga kotu, da amincewar hukumar PenCom. Inshorar rai kuwa, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, ana biyan wanda mamacin ya ambata.

Shekaru na tasiri ne a Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, idan aiki ne sanadin rasuwar. Hukumar NSITF na biyan mai 'ya'ya biyu ko fiye kashi 90 cikin 100 na albashin mijin duk wata. Marar ɗa mai shekara 50 na samun kashi 60. Wadda ba ta kai 50 ba, ana rage mata kashi 1 kan kowace shekarar da ta rage, amma rabonta ba ya gaza kashi 30.