Yawan suma: Abin da ke haddasa ta da yadda ake rayuwa da ita

A watan Yulin 2020, muƙaddashin shugaban Hukumar Raya Yankin Neja Delta, Kemebradikumo Pondei, ya sulale a kan kujerarsa yayin da kwamitin Majalisar Wakilai ke yi masa tambayoyi. Kafin a fitar da shi daga zauren, muhawara ta ɓarke a intanet: ciwo ne ko wasan kwaikwayo? Wannan zargi yana bin talakawa ma. Ɗalibar da ta faɗi a taron safe na makaranta akan ce iska ce ta buge ta, ma'aikacin da ya faɗi a ofis kuma a ce ragwanci ne. A likitance, suma tana da sanadi sananne, kuma galibi yana komawa ga wani sashe na jijiyoyi da ke aiki ba tare da umarnin mutum ba.

Yadda suma ke aukuwa

Bugun zuciya, ƙarfin gudun jini, zufa da narkewar abinci duk suna ƙarƙashin tsarin jijiyoyi mai sarrafa kansa. Idan mutum ya miƙe tsaye, jinin da ya kai rabin lita ko fiye yakan gangara zuwa ƙafafu da ciki. Nan take wannan tsari zai matse hanyoyin jini, ya ɗan ƙara saurin zuciya, domin ƙwaƙwalwa ta ci gaba da samun rabonta. Idan gyaran ya makara ko ya gaza, jini ya ragu a ƙwaƙwalwa na 'yan daƙiƙoƙi, sai mutum ya yanke jiki ya faɗi. Da ya kwanta jinin ke komawa, shi ya sa yawanci ake farfaɗowa cikin minti ɗaya ko biyu. Aƙalla mutum ɗaya cikin uku yakan suma sau ɗaya a rayuwarsa.

Nau'o'i uku da aka fi gani

Na farko, kuma mafi yawa, shi ne sumar da tsoro, ganin jini, zafin ciwo, tsananin rana ko doguwar tsayuwa ke tayarwa. Wata babbar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki takan rage bugun zuciya, hanyoyin jini kuma su saki. Irin wannan ce ta kayar da shugaban Amurka George W. Bush a Janairun 2002, bayan abin da yake ci ya maƙale masa a maƙogwaro. Takan zo da gargaɗi: jiri, zufa mai sanyi, tashin zuciya da dishi-dishin gani.

Na biyu shi ne faɗuwar awon jini idan an miƙe. Likitoci suna tabbatar da ita idan lambar sama ta ragu da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti uku da tsayuwa. Ƙarancin ruwa a jiki, gudawa, zubar jini, wasu magungunan hawan jini, ciwon suga da ya daɗe da cutar Parkinson duk suna jawo ta.

Na uku shi ne ciwon da ake kira POTS, wanda likitoci biyu na asibitin Mayo da ke Amurka, Ronald Schondorf da Phillip Low, suka sa wa suna a 1993. A nan awon jini ba ya faɗuwa, zuciya ce ke ƙara bugu 30 ko fiye a minti cikin minti goma na tsayuwa, ko 40 ga matasa 'yan shekara 12 zuwa 19. Akasarin masu fama da shi mata ne 'yan shekara 15 zuwa 50, kuma yakan biyo bayan cutar ƙwayar bairos, har da korona. Gwanar ninƙaya ta Amurka, Katie Ledecky, ta bayyana a 2024 cewa tana ɗauke da shi.

Sumar da ba a wasa da ita

Yawancin suma ba ta kisa, amma wadda ciwon zuciya ya haifar tana iya zama gargaɗin mutuwar fuju'a. Wajibi ne a garzaya asibiti idan mutum ya suma yana tsakar motsa jiki ko yana kwance, idan akwai ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, idan mace ce mai juna biyu, ko kuma idan wani a dangi ya taɓa mutuwa kwatsam da ƙuruciyarsa. Gwajin farko ba ya buƙatar manyan na'urori: cikakken bayanin yadda abin ya faru, awon jini a kwance da a tsaye, awon suga da ƙarfin jini, sai gwajin zuciya na ECG. Bayanin wanda ya shaida faɗuwar yana taimaka wa likita ya bambance suma da farfaɗiya, domin mai suma ma yakan ɗan fizga.

Taimakon farko

A kwantar da wanda ya suma a rigingine, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa tufafi, jama'a su ja baya ya samu iska. Kada a ɗura masa ruwa, kada a cusa masa cokali a baki, kada kuma a yi gaggawar miƙar da shi. Idan ya wuce minti biyu bai dawo hayyacinsa ba, a kai shi asibiti.

Rayuwar yau da kullum

Mai yawan suma yana koyon karanta jikinsa. Da ya ji alamar jiri, sai ya zauna ko ya kwanta, ko da a bainar jama'a ne; idan ba hali, ya harɗe ƙafafu ya matse tsokokinsa. Tashi daga shimfiɗa a hankali yana taimakawa, haka ma safa mai matse ƙafa da shan ruwa sosai, musamman a bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Ana ba masu POTS shawarar ƙara gishiri, amma da izinin likita kawai, saboda haɗarin hawan jini. Tuƙi, hawa sama da azumi ma batutuwa ne da ya kamata a tattauna da likita.

Inda doka ta tsaya

Babban abokin gabar mai wannan lalura shi ne layi: na banki, na tantance ɗalibai, na rumfar zaɓe. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a ba su fifiko a layi, hukumar zaɓe ta INEC ma tana gabatar da su tare da tsofaffi da masu juna biyu. Sai dai jami'in da ke bakin ƙofa yakan yi hukunci ne da abin da idonsa ya gani, wannan ciwo kuwa ba ya nuna kansa sai ya kayar da mai shi. Takardar likita a aljihu da kujera a wurin jira su ne sukan raba mai lalurar da faɗuwa a kan siminti.