Me Yake Jan Dutsen? Nazari a Kan Lissafin Tafiyar Da'ira a Fiziks

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kuskuren da ɗalibai kan yi a lissafin tafiyar da'ira, wato ɗaukar ƙarfin jan-tsakiya a matsayin wani ƙarfi na daban da ake ƙarawa a kan waɗanda ke aiki. An yi amfani da majajjawa, bokitin ruwa da mota a shataletale don nuna cewa kafin a taɓa lissafi sai an gano abin da yake yin jan.

Gabatarwa

Christiaan Huygens ya wallafa ƙa'idojin wannan tafiya a 1673, Isaac Newton kuma ya kafa sunan vis centripeta a littafinsa Principia na 1687. Abin da ke kewaya da'ira, ko da saurinsa bai canja ba, alƙiblarsa tana juyawa kowane lokaci, kuma juyawar tana buƙatar ƙarfi F = mv²/r mai fuskantar tsakiya, inda m ke nufin nauyin abin a kilogiram, v saurinsa, r kuma nisansa daga tsakiya. Haddace wannan ba wuya. Wahalar tana ga sanin wa ya biya wannan bashi: igiya, kwalta, ko jan ƙasa.

Majajjawa da bokiti

A ɗauki yaro mai korar tsuntsaye a gonar gero. Dutsensa giram 100, igiya mita 0.8, yana kewayawa sau uku a daƙiƙa. Saurin dutsen ya kai mita 15.1 a daƙiƙa, ƙarfin da ake buƙata kuwa niyuton 28.4, kusan ninki 29 na nauyin dutsen. Igiya ce kaɗai ke bayar da shi. Da ya saki baki ɗaya na igiyar, dutsen ba ya fita waje daga tsakiya kamar yadda ɗalibai kan zana. Yana miƙewa ne ta inda ya dosa a daidai lokacin sakin, shi ya sa gwani ke saki kafin dutsen ya zo saitin tsuntsun.

Bokitin da ake wulwulawa sama da ƙasa ya fi rikita ɗalibi. A ƙasa, igiya na ja sama da ƙarfi T, nauyi (mg) na ja ƙasa, sai T − mg = mv²/r. A ƙololuwa duka biyun tsakiya suke kallo, sai T + mg = mv²/r. Wanda ya saka kibiya ta uku ta jan-tsakiya a zanensa ya ƙidaya ƙarfi ɗaya sau biyu, kuma a ganina daga zanen ake faɗuwa, tun kafin a kai ga alƙaluma. Idan T ya zama sifiri, v² = gr. Ga da'irar da ke da mita ɗaya daga tsakiya zuwa baki, ƙasa da mita 3.13 a daƙiƙa mai wulwulawa zai sha wanka.

Shataletale

A nan riƙon taya da kwalta ke biyan bashin, don haka a iyakar gudu μmg = mv²/r, inda μ ke auna wannan riƙo. A ƙaddara r mita 20, μ kuma 0.7 a busasshen titi: iyakar gudu kilomita 42 a awa. In damina ta sauke μ zuwa 0.4, iyakar ta koma 32. Harafin m ya soke kansa, ke nan adaidaita-sahu da tirela iyakarsu ɗaya ta fuskar sulɓi. Kifewa wata magana ce daban, tana bin tsayin lodi da tazarar tayoyi, abin da ya sa motar da aka jibga wa buhuna har sama kan kwanta tun taya bai zame ba.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ma tambayar me ke yin jan ake yi mata. Tana kilomita kusan 400 a sama, tana gudun kilomita 7.66 a daƙiƙa, v²/r, idan aka auna r daga tsakiyar duniya, ya ba da 8.7 m/s², daidai da jan ƙasa a wannan tsayi.