Taƙaitaccen Tarihin Mai Kula da Kwamfutocin Kamfani

A cikin wannan 'yar maƙala ina so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu ga tarihin wani ma'aikaci wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ran da aiki ya tsaya cik, watau mai kula da kwamfutocin kamfani da wayoyin da suka haɗa su. Abin da nake son nunawa shi ne, duk sa'ad da na'ura ta ƙara ci gaba, sai dogaron kamfani ga wannan mutum ya ƙaru.

Sana'ar ta samo asali ne a Ingila, a wani kamfani mai gidajen shan shayi da gashin burodi da ake kira J. Lyons. Shi ne ya gina kwamfutar LEO, ya kwaikwayo ta daga EDSAC ta Jami'ar Kambirij. A watan Nuwamba 1951 ta fara lissafin kuɗin kayan da gidajen burodin suke fitarwa, a 1954 kuma aka ɗora mata lissafin albashi. To, ita wannan na'ura dubban ƙwayayen gilashi ne a cikinta masu kama da ƙwan lantarki, kuma sukan mutu. Saboda haka tilas injiniyoyi su riƙa gwada ta a kai a kai suna canja ƙwayayen da suka raunana, domin ranar biyan ma'aikata ba ta jiran gyara.

Daga nan sai zamanin haɗa kwamfutoci ya zo. A 1973 Robert Metcalfe da David Boggs na kamfanin Xerox a Amurka suka ƙago tsarin Ethernet, sa'an nan a 1981 IBM ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa ta kan tebur. Wanda dā inji ɗaya yake gadi, sai ga shi da ɗaruruwa, kowanne da mai shi da irin kokensa. A farkon tsarin waya ɗaya ce take ratsa ofis duka, in ta tsinke a wuri guda kowa ya zauna. Sai a 1990 aka tsai da ƙa'idar ba kowace kwamfuta tata wayar zuwa wani akwati na tsakiya.

Da intanet ya game duniya, sai tsaro da ajiyar kwafi suka zama babban aikinsa. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Maersk, kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Danmak. A watan Yuni 2017 muguwar manhajar nan NotPetya ta lalata masa kwamfutoci, har da masu riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shigarsu, waɗanda in babu su ba a iya tā da sauran. Kamar yadda aka ruwaito, kwafi ɗaya tak ya tsira, a ofishinsu na Ghana, don wuta ta ɗauke kafin cutar ta iso. Ta Nijeriya aka bi da faifan zuwa Ingila. Cikin kwana 10 ma'aikata suka sake tā da manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000, hasarar kuwa ta kai wajen dala miliyan 300.

Mai karatu ya lura, sa'a ce ta ceci Maersk a ranar, ita kuwa sa'a ba a dogara da ita. Ajiye kwafi a wuri dabam, da sabunta manhaja a kan lokaci, da soke izinin wanda ya bar aiki, su ne ayyukan yau da kullum da ba mai gani balle ya yaba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ganina, tun daga 1951 aikin wannan ma'aikaci bai wuce yaɓen bangon nan ba, kuma ya cancanci masu rubuta tarihin kasuwanci su ba shi nasa babin.