Bututun ƙirji: yadda za ka kiyaye shi kada ya zame

Tantani biyu ne ke lulluɓe da huhu, ɗaya manne da huhun, ɗaya da bangon ƙirji. Tarin fuka, nimoniya ko ciwon daji kan sa ruwa ko mugunya su taru a tsakaninsu har su danne huhu. Don a fitar da su, likita zai zura maka bututun roba ta tsakanin haƙarƙari, ƙasa da hammata kaɗan, ya haɗa shi da kwalba mai ruwa a ciki.

Abin da ke riƙe da bututun bai wuce zaren ɗinki da aka ɗaure shi da fata ba, sai bandeji da filasta. Fizga ɗaya ta isa ta zare shi, musamman siririn bututu. Idan ya fita, iska na iya shiga ƙirji, kuma wataƙila sai an sake sa wani.

Kafin ka juya ko ka tashi daga gado, duba inda robar ta bi, kada ta maƙale a ƙarfen gado ko ka kwanta a kanta. Sa riga mai buɗewa ta gaba. Tambayi likita ko ya fi ka yi salla a zaune. Idan gumi ya ɗaga filastar, kira nas ta sake ta.

Kwalbar ce masu jinya suka fi yin kuskure a kanta. Dole ta kasance a tsaye, ƙasa da ƙirjinka a kowane lokaci, har a hanyar banɗaki. Bakin robar yana nutse cikin ruwan da kimanin santimita 2, wannan ne ke hana iska komawa ciki. In aka ɗora kwalbar a kan gado, abin da ya fito zai koma ƙirji. Kada mai jinya ya zubar da ruwan don ganin ya yi ƙazanta, domin da shi ake auna yawan abin da ya fito kowace rana. Kada kuma a lanƙwasa robar ko a ɗaure ta, musamman idan kumfa na tashi a kwalbar.

Sanar da ma'aikata nan take idan numfashi ya ƙara yi maka wuya, ko bututun ya fi jiya tsawo a waje, ko ruwa na jiƙa bandejin, ko fatar wurin ta kumbura tana ƙas-ƙas in an taɓa, ko mahaɗar robar ta rabu.

Idan bututun ya fita gaba ɗaya, kada kowa ya mayar da shi. A danne ramin da bandeji ko ƙyalle mai tsabta, wani ya ruga ya kira nas. Likita zai duba numfashinka, yawanci kuma a ɗauki hoton ƙirji kafin a yanke ko za a sa wani.