Hawaye da Tawada: Yadda Nana Asma'u Ta Yi Makokinta

A gidan rasuwa babu kalmar da ta kai "haƙuri" yawo. Mai gaisuwa zai faɗe ta, mai karɓar gaisuwa ya amsa, a yi kwana uku a naɗe tabarmi, kowa ya koma harkarsa. Wanda aka yi wa rashin kuwa sai a bar shi da tambayar da ba a cika yin ta a fili ba: shin mai haƙuri dole ne ya haɗiye abin da ke cin ransa ya yi shiru? Rayuwar Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tana ɗauke da amsa.

An haife ta a Degel a shekarar 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana ƙarama mahaifiyarta Maimuna ta rasu. Ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta taso cikin yaƙi da yunwa da ƙaura, a zamanin da jama'ar Shehu ta yi babban rashin malamai da mahaddata a Tsuntsuwa. A 1817 ta rasa mahaifinta da tagwaininta. A 1837 yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Wurno. Mijinta, Waziri Giɗaɗo, ya bi a 1851, sannan aminiyarta A'ishatu, matar Bello, a 1855. Wadda ta ga wannan jerin jana'iza ba a koya mata ma'anar rashi.

Abin da ta yi da baƙin cikinta shi ne darasin. Ta rubuta marsiyyoyi, wato waƙoƙin makoki, da Larabci da Fulatanci, an kuma mayar da wasu Hausa. A marsiyyar A'ishatu ba ta ɓoye komai ba: ta bayyana kaɗaici da zubar hawaye da tuna shekarun da suka yi tare. Ta kuma kare kukanta da hujja irin ta malamai, cewa shari'a ba ta hana hawaye ba, kururuwa da ihu ta hana. Asalin wannan sananne ne, domin Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ga malama mai daraja irin tata, furta kewa a rubuce izini ne ga dubban matan da ke sauraron waƙoƙinta. Ta nuna musu cewa miƙa wuya ga hukuncin Allah da jin zafin rabuwa suna iya zama cikin zuciya ɗaya.

Abu na biyu shi ne abin da ta zaɓa ta tuna. Bello ya jagoranci yaƙe-yaƙe, ya kafa garuruwan ribaɗi, amma marsiyyarsa ta fi karkata ga halinsa: ilimi, adalci, kyauta, da tausayin mai rauni. Ba ta kuma tsaya kan manya ba. Ta yi wa Halima, maƙwabciyarta, marsiyya saboda kirkinta da riƙon zumunci. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke taimakon mata wajen haihuwa da wankan gawa. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jagororin ɗalibanta. Waɗannan mata ba su riƙe sarauta ba, kuma da ba don alƙalaminta ba da wuya sunayensu su iso gare mu. Sai marsiyya ta zama wurin ajiya: mamaci ya tafi, halinsa ya rage a matsayin abin koyi.

Abu na uku shi ne aiki. Bayan rasuwar Bello, ita da Giɗaɗo sun duƙufa wajen rubuta tarihin Shehu da na Bello, shi a zube, ita a waƙe, don kada waɗanda ba su ga zamanin ba su rasa labarinsa. A wannan zangon ne kuma tsarin 'yan taru ya yi ƙarfi. Takan naɗa mace dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, jajin ta riƙa jagorantar matan ƙauye zuwa wurinta su koyi karatu, su koma su koyar. Waƙoƙinta su ne darussan, kuma ta wannan hanya halayen waɗanda ta rasa suka shiga bakin matan da ba su taɓa ganinsu ba.

Kada a ɗauka wannan ya share mata kewa. Tana da shekara sittin da wani abu lokacin da ta yi kukan A'ishatu, kuma zafin da ke cikin marsiyyar bai nuna alamar wadda ta saba da rashi ba. Warakarta ita ce ta samo wa baƙin cikin mazauni, har ya daina zama kaya mai danne ta.

Mu a yau mukan aika ta'aziyya ta waya, mu koma ofis bayan kwana uku, mu ɗauka magana ta ƙare. Wanda ke cikin makoki zai iya aron hanyarta ko da bai iya waƙa ba: ya bar hawaye su zuba, ya rubuta wa 'ya'yansa halin wanda ya rasa, ya ɗauki wani aikin alheri da mamacin ya bari ya ci gaba da shi. Mai zuwa gaisuwa kuma, bayan ya ce a yi haƙuri, ya ƙara da ambaton wani kirki na mamacin da ya sani.

Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta a Sakkwato. Wadda ta yi wa mutane da yawa marsiyya, ita ma aka yi mata.