Amshi Ba Maimaici Ba Ne: Martani Kan Asalin Waƙar Haɗin Muryoyi a Ƙasar Maraɗi

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo a bakin masu nazarin kiɗa, har ya kusa zama abin da ba a neman masa hujja. Wai waƙar haɗin muryoyi baƙuwa ce a ƙasar Hausa, 'yan mishan da makarantar boko ne suka zo da ita, Bahaushe kuwa abin da ya gada shi ne mawaƙi guda da yaransa masu maimaita masa gindin waƙa. Idan masu wannan ra'ayi suka waiwayo ƙasar Maraɗi, sai su nuna tarihin mishan ɗin SIM, wanda ya sauka Damagaram a 1924, ya kafu a Tsibiri, daga baya ya buɗe asibitin masu cutar kuturta a Danja, kan hanyar da ta ratsa Ɗan Issa ta nufi Jibiya (Cooper, 2006). Su ƙara da 'yan lakwal masu rera taken ƙasa a gindin tuta. A wurinsu, daga nan tarihin ya fara. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci, kuma kunnen da aka saurari amshi da shi ne ya jawo haka.

Ba sai na maimaita rabe-raben makaɗan Hausa da kayan kiɗansu ba, an riga an yi wannan aiki (Ames da King, 1971, Furniss, 1996). Abin da ya dame ni shi ne matsayin ɗan amshi. Wani malami da ya duba daftarin wannan maƙala ya kawo mini suka uku, kuma tun da shi ne ya fi kowa tsara hujjojin ɓangarensu, da shi zan yi.

Sukarsa ta farko ita ce 'yan amshi ba su raba murya gida huɗu yadda mawaƙan coci suke yi a Turai, kowa layi guda yake bi. Gaskiya ne. Amma waƙoƙin Girigori na cocin Katolika, waɗanda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana rerawa, su ma layi guda ne, ba a kuma taɓa cire masu rera su daga sahun ƙungiyoyin mawaƙa ba. Ban da haka, Hausa harshe ne mai karin sauti, mai kuma bambanta doguwar gaɓa da gajeruwa. Mai yiwuwa wannan na cikin dalilan da suka sa aka fi son muryoyi su tafi tare, domin idan wata ta hau a inda wata ta sauka, kalma tana iya rikiɗewa a kunnen mai sauraro. Mutum biyar su ja gaɓa guda, su sake ta a lokaci guda, hannuwansu kuma suna kan kotso, ba aikin da ake tashi da shi rana ɗaya ba ne.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ya ce ɗan amshi bara ne, ba abokin aiki ba. Sunan jagora ake kira a rediyo, shi ake wa kyautar doki da riga, waƙa tasa ce, sauran kuwa suna cike masa gurbi ne ya samu ya numfasa. Ban musanta cewa akwai fifiko ba, kuma rabon kyauta ma yana bin wannan fifikon. Sai dai duk wanda ya zauna ya saurari faya-fayan Ibrahim Narambaɗa, ko Sa'idu Faru, ko Musa Ɗanƙwairo, yana lura da wanda ke furta kowane layi, zai ji wani abu dabam. Sau da yawa jagora yakan ɗauko rabin magana ne kawai ya saki, 'yan amshi su cafe ta su kai ta ƙarshe, wani lokaci su zarce da layuka da dama ba tare da shi ba, kafin su dire a kan gindin waƙa. Sa'idu Muhammad Gusau ya bambanta irin waɗannan hanyoyi na rerawa da sunayensu, kamar ƙari da karɓi, wanda ya nuna ba abu guda ne ake kira amshi ba. A nan ma'anar ɗan waƙa, wato baitinta, ba ta cika sai da bakinsu. Idan aka share muryoyinsu daga faifan, abin da zai rage guntattakin jimloli ne. Ta yaya mutanen da ba su zauna sun haddace, sun gwada, sun gyara wa juna ba za su san inda jagora zai saki magana?

Tarihin Ɗanƙwairo kansa shaida ne. A cikin 'yan amshin gidansu ya tashi, a ƙarƙashin mahaifinsa, sannan yayansa Abdu Kurna, kafin ya zama jagora, kuma laƙabin da duniya ta san shi da shi ya samo asali ne daga wani ɗan amshin mahaifinsa mai zaƙin murya. Ashe ke nan mutanen wancan zamani suna sauraron ɗan amshi da kunnen basira, har suna iya tsamo muryarsa daga cikin taro su yaba mata. Amshi shi ne makarantar, a cikinsa ake koyon abin da duk mai waƙa cikin ƙungiya ya sani a jikinsa: ka ji na kusa da kai fiye da yadda kake jin kanka, ka rage ƙarfin muryarka don ta shige cikin ta 'yan'uwa, ka ja numfashi a inda suka ja.

A nan dole in rage faɗin da'awata. Abin da na bayyana ya fi tabbata a kan makaɗan fada. A zamaninsa Mamman Shata yakan ƙaga waƙa nan take, don haka yaransa sukan tsaya ne a kan layin amshi guda suna dawo da shi, kuma a kansa sukar malamin tana da ƙafar tsayawa. Ɗanmaraya Jos ma a zamaninsa shi kaɗai yake waƙa da kuntiginsa. Saboda haka ba na cewa duk waƙar Hausa ta ƙungiya ce. Iyakar abin da hujja ta ɗauka shi ne akwai tsohuwar al'adar rera waƙa tare, mai horo da ƙa'ida, wadda ba ta jira zuwan kowa ba. Ba a fada kaɗai take ba. 'Yan mata a dandali suna gaɗa, ɗaya na bayarwa saura na karɓa da tafi. Mata masu amada suna yi a kan ƙwarya, kamar yadda aka sani a ƙungiyar Barmani Coge. Masu karatun Ishiriniya ta Alfazazi suna haɗa murya a watan Mauludi, watan da jama'a ke tururuwa zuwa tafkin Madarunfa domin ziyara. Yarinyar da ta tashi a Ɗan Issa ta san bayarwa da karɓa tun kafin ta taka ƙofar aji.

Suka ta uku kuwa na karɓe ta kusan gaba ɗaya. Ya ce a gargajiya babu dandamali, babu 'yan kallo da ke zaune shiru har a gama su tafa. Haka ne, mai sauraro yakan yi guɗa, ya yi liƙi, ya shiga amshin in ya ga dama. Jera mawaƙa sahu-sahu cikin anko, a ba su mintoci ƙidayayyu a gaban alƙalan gasa, sabon abu ne, kuma a Nijar ya yi ƙarfi ne a zamanin Seyni Kountché, wanda ya hau mulki a 1974 ya farfaɗo da ƙungiyar matasa ta Samariya, aka riƙa shirya bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke karawa a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo (Beik, 1987). Amma a duba abin da aka hau dandamalin da shi. Mai bayarwa ce a gaba, masu karɓa a baya, da ganga da tafi. Haka abin yake a coci. Littafin waƙoƙin da mishan ya fassara yana nan ana amfani da shi, amma idan Zumuntar Mata suka tashi yin tasu waƙar, da tulu da caki suke yi, ɗaya ta bayar saura su amsa. Wurin tsayawa ne ya sauya, ginin waƙar na gida ne.

Ina zargin yadda muke rubuta waƙoƙin baka a takarda ya taimaka wajen ɓatar da wannan. Mai nazari yakan rubuta gindin waƙa sau ɗaya, ya jera ɗiyan a ƙarƙashin sunan jagora, mai karatu ya ɗauka baki guda ne ya furta su duka. Ya kamata kowane layi a nuna wanda ya rera shi, a kuma rubuta sunayen 'yan amshi a duk inda aka same su. Matan da suka yi waƙa a Samariyar garuruwan Madarunfa a shekarun 1970 da 1980 yanzu sun manyanta, kuma su ne za su iya faɗin wanda ya koya musu, da inda suke haɗuwa gwaji, da ko karin da suka hau dandamali da shi na dandali ne ko na lakwal. Da su ya kamata a fara hira.